Rijiyar da Ke Cikin Tabarau

Ku gyara zama, don idan na kai ƙarshen labarin nan aiki zan bar muku. Ni dai na juya shi ta nan, na juya shi ta can, har yau ban tsayar da magana ɗaya ba.

A wani gari da ake kira Tudun Aduwa, inda sai an yi gaba ashirin a cikin ƙasa kafin a ga ruwa, akwai wata mata mai suna Barira. Mijinta Inuwa yasar rijiya ce sana'arsa. Idan rijiya ta cika da laka, ruwanta ya ja baya, shi ake kira ya shiga ya kwashe. 'Ya'yansu huɗu: Badamasi ne ɗan fari, sai Jazuli, sai mace ɗaya tilo Saude, sai auta Hashimu.

Wata Talata da hantsi Inuwa ya shiga rijiyar bayan kasuwa, sai aka ji shiru. Aka kira, aka sake kira, ba amsa. Barira ta zo a guje ko mayafi babu, ta tarar da maza sun kewaye bakin rijiya suna leƙe, ba mai motsi. Ba ta san lokacin da magana ta fito daga bakinta ba.

"Wai duk garin nan babu namiji ko ɗaya?"

Ƙanen mijinta, saurayi ne da aka riga aka sa wa ranar aure, ya tuɓe riga ya sauka, ba igiya ba komai. Shi ma aka ji shiru. Sai bayan la'asar aka fito da su biyun, aka yi musu sutura tare. Mutane suka ce aljanun rijiyar ne suka riƙe su, aka rufe bakinta da itace da ƙaya. Ba wanda ya taɓa ce wa Barira laifinki ne. Ita ce ta riƙa gaya wa kanta, shekara goma sha biyar.

Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta raini yaran nan, kuma ta hana kowannensu kusantar rijiya, gara ta ɗauko ruwan da kanta. To, kun san yadda Allah yake nasa ikon. Saude ta tashi, duk samarin garin ba ta ga wanda ya yi mata ba sai Tukur, wanda ya koyi yasa a hannun mahaifinta, ya kuma gaji sana'ar. Barira ta yi kuka, ta yi lallashi, amma yaron kirki ne, ba ta da abin da za ta ce a kansa. Aka ɗaura aure. Tun daga ranar, duk safiyar da ta hango Tukur ya wuce da guga da shebur, sai ta tuna Inuwa. Abu ɗaya take tsoro, kada 'yarta ta yi irin takabar da ta yi.

Shi kuwa Tukur ƙarfi gare shi da taurin kai. Ba ya ɗaura igiya a jikinsa idan zai sauka, wai igiya ta guga ce da matsorata, shi layarsa ta ishe shi. Barira ba ta da bakin yi masa magana, suruki ne, ko ido ba sa haɗawa. Sai ranar wata Sallah da 'ya'yanta maza suka taru a ɗakinta, ta ajiye musu tuwo, ta ce musu su uku ne, 'yar'uwarsu ɗaya ce, su san yadda za su yi da mijinta, ita dai ta gaji da faɗuwar gaba.

A lokacin Hashimu auta shi ne ɗan da ake yi mata jaje a kansa. Ya gama sakandare ya ƙi ci gaba, ya sayar da babur ɗinsa ya sayo wani irin tabarau guda biyu, ya buɗe shago a bakin tasha. Tabarau ne mai kauri kamar ɗan akwati, ana ɗaura shi a kai ya rufe ido ruf, da abin sawa a kunne, da wasu 'yan abubuwa biyu da ake riƙewa a hannu. Da ka sa shi, shago ya ɓace, sai ka gan ka a wani wuri daban, duk inda ka juya wurin ne, sama da ƙasa. Samari na shiga su yi tseren mota, su yi dambe da iska, mutanen gari suka raɗa wa abin suna Shiga-ka-gani. A ranar Sallar nan Hashimu ya matsa wa uwarsa sai ta gwada. Ta sa, ta gan ta a kan wani tsauni, ƙasa can nesa kamar bakin allura. Ta rungume ƙyauren ɗaki tana salati, ƙafafunta na rawa, alhali a kan tabarmarta take tsaye. Aka yi ta dariya, ban da Jazuli, wanda yake karatun kwamfuta a kwalejin fasaha a birni. Ya daɗe yana kallon ƙafafun uwarsa, sannan ya ce idan abin nan zai sa mutum rawar jiki a kan tabarma, to zai iya jefa mutum a rijiya ya mutu ya tashi, ya koyi hankali, ba tare da an yi masa sutura ba. Amma ya ce shi bai san cikin rijiya ba, bai kuma san abin da ke kashe mutane a ciki ba.

Wannan aikin Badamasi ne ya ɗauka. Malamin firamare ne, mutum mai shiru. Yana da shekara goma sha uku aka fito da mahaifinsa a gabansa, tun daga nan ko leƙa rijiya bai sake yi ba. Da aka yi dogon hutu ya hau kekensa ya bi ƙauyuka yana neman tsofaffin masu haƙa da masu yasa. Wasu suka kore shi, suka ce sirrin sana'a ba na ɗan boko ba ne. Wani tsoho sai da Badamasi ya je sau uku, ya taya shi noman gonarsa kwana biyu, sannan ya buɗe baki. Shi ne ya gaya masa ba aljanu ba ne, wata muguwar iska ce mai nauyi, ba ta da wari, tana kwanciya a gindin rijiya, wani lokaci ma a ƙarƙashin laka take, sai an tono ta take tashi. Ya ce mutanen da can fitilar aci-balbal suke zurawa, idan ta mutu ba mai shiga. Ya nuna masa yadda ake kwaso iskar da lema a buɗe, a zura ta kamar ƙwarya a fizgo, ko da reshen bishiya mai ganye. Ya nuna masa ƙullin da ake yi a ƙarƙashin hammata, wanda ko mutum ya suma kansa zai tsaya a sama. Badamasi ya rubuta duka, ya je birni wurin 'yan kwana-kwana suka duba, suka gyara masa wasu, suka ƙara masa wasu.

Saura hoton cikin rijiya. Jazuli ya aro wata kyamara mai ganin kowane ɓangare, amma sai an sauka da ita a hankali, a tsaya a kowace gaba. Badamasi ya ce shi zai sauka, kuma rijiyar bayan kasuwa zai sauka, wadda aka rufe. Aka ɗage ƙaya, aka yi duk abin da tsoho ya ce, aka ɗaura masa igiya. Waɗanda suka riƙe igiyar sun ce suna jin rawar jikinsa a tafin hannunsu tun daga sama har ƙasa. Ya tsaya a inda mahaifinsa ya faɗi, ya yi masa addu'a, ya gama aikinsa, aka jawo shi. Sai bayan an gama Barira ta ji. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta fito ta kwaɓa ɗanwake irin wanda yake so tun yana yaro, ta ba Saude ta kai masa.

Jazuli ya kwashi rubutu da hotuna ya koma makaranta. Wata shida yana aiki har idanunsa suka yi ja, wandonsa ya yi masa yawa. Ya gina rijiyar a cikin tabarau ta yadda ko gansakukar bango za ka gani. Kana tsaye a bakinta, ga mutum can ƙasa ya faɗi, ga igiya, ga fitila, ga lema, sai ka nuna abin da za ka yi. Ya kawo gida aka gwada, kowa ya ci. Duk wanda ya sa tabarau sai ya zura fitila a natse, ya ɗaura igiya, ya fito da mutum, ya cire yana murmushi. Malamansa ma sun ce aiki ya yi kyau, suka ba shi shawara ya miƙa shi ya karɓi takardarsa. Jazuli ya ce a'a, wannan rijiyar ƙarya ce. Idan haka mutane suke da hankali a bakin rijiya, me ya kashe ƙanen babansu? Ya tambayi Badamasi abin da kunnensa ya ji a ranar, Badamasi ya juya ya kalli ƙofar ɗakin uwarsu. Nan Jazuli ya gane wurin wa zai je.

Ya same ta tana matsar mai da rana, ya tsuguna ya karɓi aikin, ya daɗe yana kame-kame.

"Inna, rijiyata shiru ta yi yawa. Wanda ya shiga ba abin da ke tura shi. Ina so ki faɗa mini abin da kika faɗa a ranar, yadda kika faɗe shi, in ɗauka in sa a ciki."

Ta ce, "Kai Jazuli, maganar da ta kashe mutum kake so in maimaita?"

"Ita nake so su ji, Inna. Su ji ta sau ɗari a shagon Hashimu, har ranar da za su ji ta a bakin rijiyar gaske ƙafarsu ta ƙi tafiya."

Kwana uku ba ta yi masa magana ba. A na huɗu ta kira shi, ta rufe ƙofa, ta ce ya kunna abin ɗaukar. Sau ɗaya ta faɗa, bai kuma nemi ta sake ba. Ya bi gidaje ya ɗauki koke-koken mata da hayaniyar maza, ya rushe aikinsa na farko ya sake sabo, abin da ya jawo masa ƙarin shekara guda a makaranta, abokansa suka fita suka bar shi. A sabuwar rijiyar, da ka sa tabarau jama'a za su rufe ka, ana kuka, ana tura ka, ana ce maka ɗan'uwanka ne a ciki, sannan muryar Barira ta tsaga ta tsakiya. Cikin mutum ashirin na farko da suka gwada, goma sha bakwai sun diro ba igiya. Duk wanda ya diro, zai ji numfashinsa na yankewa a kunnensa, haske ya dusashe, sai ya ga ana shimfiɗe mutum biyu a bakin rijiya.

To, an samu ilimi, an samu rijiya, saura masu shiga. Badamasi da Jazuli suka share aji ɗaya a makaranta, suka aika wa masu yasa da samarin gari cewa a zo a koyi darasi. Mutum uku suka zo, suka sha zoɓo, suka ce sun gode. Hashimu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce yayyensa sun yi karatu amma ba su san mutane ba, wa zai bar aikinsa ya zo a ce masa bai iya sana'arsa ba? Su ba shi abin kawai.

Ya kai shago ya sa shi tsakanin tseren mota da dambe, bai kira shi darasi ba, ya ce sabon wasa ne da ba a taɓa cin sa ba. Ya shafe bango ɗaya da baƙin fenti, yana rubuta sunan duk wanda ya faɗi da alli, da yawan faɗuwarsa. Ya haɗa gasa tsakanin unguwanni, mutum biyar-biyar, kyautar zakara. Kuma ya ƙara wani abu da yayyensa ba su yi tunaninsa ba: ya rataya igiyar gaske a reshen dalbejiyar ƙofar shago, da buhun yashi mai nauyin mutum. Wanda ya sa tabarau shi ne mai ba da umarni, biyu na kan igiya suna ja da gaske, ɗaya na kan fitila da lema, na biyar kuwa aikinsa tare jama'a, 'yan kallo su yi ta turo shi yana mayar da su. Kafin wata biyu, har mahauta da masu faci sun san ƙullin hammata kamar ɗaurin wandonsu. Ranar kasuwa sai an yi layi.

Tukur kaɗai ya ƙi. Ƙanensa Rabe, wanda suke aiki tare, ya shiga gasa, shi kuwa ko kallon shagon ba ya yi. Badamasi ya yi masa nasiha, ya ce to. Jazuli ya yi masa bayani, ya ce madalla. Amma Hashimu ƙanen mata ne, akwai wasa a tsakaninsu, yana iya faɗa masa abin da wani bai isa ba. Ya tare shi wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a ƙofar shagon, a gaban mutane.

"Mijin Yaya, an ce kai ne zakin rijiya, amma ban ga sunanka a bangona ba."

Tukur ya ce, "Tafi can, ɗan wasan yara. Ni da nake shiga ta gaske zan tsaya shiga ta kwali?"

"Ai na gane. Ta gaske ba mai ganinka idan ka tsorata. Bari in gaya wa Yaya Saude ta daina cika baki a gidan biki, mai shayi ma ya fi mijinta."

Aka kwashe da dariya. Tukur ya fizgi tabarau ya ɗaura. Ko minti ɗaya bai yi ba ya diro, duhu ya rufe shi. Da ya cire, gumi ya jiƙa masa riga, kuma ba ya dariya. Ya gane muryar, don yana wurin ranar da aka fito da maigidansa. Sai ya ce a sake sa masa. Bai bar shagon ba sai da ya fito da mutumin. Daga ranar bai sake sauka rijiya ba sai da fitila a gaba da igiya a hammata, ko da yake ya ce wa Hashimu don kada Saude ta dame shi ne kawai.

Bayan shekara guda, Saude na da ciki wata tara, aka kira Tukur yasar wata tsohuwar rijiya a unguwar majema. Ranar Alhamis ce da hantsi. Ya zura fitila ta ci lafiya, ya ɗaura igiya ya sauka. Guga ya fito da laka sau biyu, a na uku sai wata baƙar laka ta fito, daga nan igiyar guga ba ta sake motsi ba. Rabe da mutanensa suka ja igiyar jikinsa, suka ji ya miƙe tsaye, amma ya ƙi tasowa, laka ta riƙe ƙafafunsa har gwiwa.

Kafin Barira ta iso, unguwa ta cika. Ga Saude a bayanta tana tafe tana dafe da ciki. Mata na kuka, wata tsohuwa na ta faɗin a shiga mana, a shiga mana, ana kallo zai mutu. Barira ta ga Rabe ya saki igiya ya tuɓe riga. Duk wasan da ya yi a shago ya tashi daga kansa, don wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ya sa ƙafa ɗaya a bakin rijiya ke nan sai ga Hashimu ya ratso jama'a ba takalmi, ya cafke shi ta ƙugu, suka zube tare. Rabe ya kai masa naushi a baki har haƙori ya fita, ya zage shi ta uwa ta uba, Hashimu bai sake shi ba. Yana kwance a kansa, jini na zuba, ya riƙa kiran mutane da suna kamar ranar gasa: wane da wane ku riƙe igiya, kada ku sassauta, kansa ya tsaya a sama, wane kawo lema, wane kunna fitila, sauran ku ja da baya. Abin mamaki, sai kowa ya nufi wurinsa ba gardama, kamar an kaɗa ƙararrawar makaranta.

Ita kuwa Barira ta ji tsohuwar maganar nan ta taso mata har maƙogwaro. Ta cusa bakin mayafinta a baki ta cije, ta jawo kan Saude ta danna a ƙirjinta.

Aka zura fitila, tana kaiwa daidai ƙugun Tukur ta mutu. Aka shiga zura lema ana fizgowa, hannu na karɓar hannu, ba tsayawa. Aka sake zura fitila ta yi kamar za ta mutu, aka ci gaba. A karo na uku ta ci har ƙasa. Sannan Hashimu ya ɗaga Rabe, ya ɗaura masa ƙullin hammata da hannunsa, ya ce yanzu ka je ka ɗauko ɗan'uwanka. Rabe ya sauka, ya tone ƙafafun, ya girgiza igiya sau biyu, aka jawo su ɗaya bayan ɗaya. Aka kwantar da Tukur a gefensa, numfashi kamar zare, aka sa shi a mota sai asibiti. Da la'asar ya buɗe ido. Likita ya ce da a ce kan Tukur ya kwanta a ƙasa, ko kuma an ƙara 'yan mintoci, da wani zance ake yi.

Ba a yi takaba ba. Ranar Asabar Saude ta haifi ɗa namiji.

Ku zo ku ga Barira a kwanakin nan. Matar da ta yi shekaru tana bin gefen hanya, yanzu tsakiyar kasuwa take bi, mata na tare ta suna cewa uwar masu rijiya, Allah Ya yi wa zuri'a albarka. Daga garuruwa uku aka aiko ana roƙon a kai musu tabarau. Tana amsa gaisuwa tana cewa ai yara ne, wasa ne kawai suke yi, amma ɗaurin ɗankwalinta ma ya canza.

Kwana shida da haihuwa, da safe, sai ga Tukur ya yi sallama. Bai shigo ba, ya cire takalmi ya tsuguna a bakin zaure, kansa a ƙasa, ita kuma tana daga ciki ta ba shi gefe. Bayan gaisuwa ya ce ya yi wa yaro kiran salla a kunne amma bai sa masa suna ba. Da farko ya so ya sa masa Rabe, Rabe ya ce bai yarda ba, shi ma cikin waɗanda aka ceto yake, da an bar shi da yanzu su biyu ake zaman makoki.

"Saboda haka, Inna, sunan ɗaya daga cikin kawunnansa zai ci, wanda ya fi hannu a raina. Na rasa wanda zan ɗauka. Ke kika haife su, ke kika san su. Wanda kika faɗa, shi liman zai raɗa."

Ta ce, "Ni kuma? Ka rufa mini asiri."

Ya ce ya riga ya yi alkawari a gadon asibiti, ba zai canza ba. Ya sa takalminsa ya tafi.

Kafin azahar magana ta zaga gari. Dattawa suka ce Badamasi ne, ba wata tantama. Da bai bi ƙauyuka ya kwaso ilimin da ke shirin bin tsofaffi kabari ba, me za a koya? Wa ya san fitila, wa ya san lema, wa ya san ƙullin da ya tsayar da kan Tukur a sama? Kuma shi kaɗai ne a cikinsu ya sa ransa a rijiyar gaske, rijiyar da ta ci ubansa.

Malaman makaranta suka ce a'a, Jazuli ne. Ilimin nan ai yana nan tun kaka da kakanni, bai hana mutane mutuwa ba, don ba rashin sani ne kaɗai ke kashe su ba, kunya ce da kukan mata. Jazuli ne ya gano haka, ya ƙi karɓar takardarsa a kan rijiyar ƙarya, ya yi asarar shekara, ya kuma yi ƙarfin halin tambayar uwarsa abin da ba wanda ya taɓa tambayarta. Ba don rijiyarsa ba, da rubutun Badamasi na nan a akwati.

Samari kuwa suka ce a daina wahalar da baki. Mutum uku ne suka zo darasin malaman, su ma zoɓo ya kawo su. Wa ya tara gari? Wa ya sa Tukur ya ɗaura igiya bayan manya sun gaza? Ranar da abin ya faru Badamasi na aji, Jazuli na birni, Hashimu ne ya bar haƙorinsa a bakin rijiya.

Su kansu 'yan'uwan ba su taimaka mata ba. Badamasi ya ce duk wanda aka sa daidai ne. Jazuli ya ce a sa na Yaya. Hashimu ya buɗe giɓinsa ya ce shi dai a duba masa wannan, amma idan an ga yaron zai yi ƙiriniya a sa masa sunan wani.

Barira ta zauna da jaririn a cinyarta. Idan ta tuna rawar igiyar da aka ce an ji a hannu, sai ta ce babban ne. Idan ta tuna ranar da ta rufe ƙofa ta yi magana a gaban Jazuli, ta ji wani dutse ya sauka daga ƙirjinta, sai ta ce shi ne. Idan ta ɗaga ido ta ga kumburarren leɓen autanta, wanda aka daɗe ana yi mata jaje a kansa, sai ta ce wallahi shi ne. Tana tsoron ta ɗaga ɗaya ta karya zuciyar biyu, tana kuma tsoron ta yi shiru ta bar surukinta da alkawari a wuya. Ga rago an ɗaure, ga goro an sayo, gobe da safe liman zai miƙa hannu a gaya masa suna.

To, jama'a, ku da kuka ji daga farko har ƙarshe, ku fitar da matar nan. Tsakanin Badamasi da ya sauka ya kawo ilimin, da Jazuli da ya gina rijiyar ya sa mata murya, da Hashimu da ya jawo mutane ya kuma tare bakin rijiya, sunan wa ya kamata a raɗa wa yaron nan?